Yadda Ake Sarrafa Iska Da Zafin Inji A Motocin Gudu

Daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke kaiwa ga juya taya. Sauran duk zafi ne. Wani ya bi salansa ya fita, wani kuma ruwa da baƙin mai su kwashe shi su miƙa wa iska. Saboda haka duk ƙarin ƙarfin da aka yi wa inji ƙarin zafi ne, kuma motar gudu ta fi kowace mota shiga wannan matsi: injinta babba ne, hancinta gajere ne a ƙasa, ɗakin injin kuma a cushe yake. Ko manyan kamfanoni sukan yi tuntuɓe a nan. Corvette Z06 da ta fito a 2015 da ƙarfin doki 650 ta sha ƙorafin masu ita kan ɗaukar zafi a filin tsere, kuma da Chevrolet mai ƙera ta ta zo fitar da Corvette ZR1 ta 2019 sai da ta jera mata na'urorin sanyaya har 13. Bugatti Veyron tana da lagireto 10.

Yawancin masu mota da zarar allurar zafi ta fara hawa sai su tafi neman lagireto mai kauri. Sau da yawa asarar kuɗi ce. Lagireto ba ya sanyaya komai sai iska ta ratsa cikinsa, ita kuwa iska hanya mafi sauƙi take bi. In ta ga ɓaraka a gefe ta nan za ta zille, in kuma ta shiga ɗakin inji ba ta samu mafita ba, wadda ke bayanta ba za ta shigo ba. Kan wannan aikin gaba ɗaya ya rataya.

A fara da awo

Allurar da ke dashbod ba abin dogaro ba ce. A motoci da yawa an saita ta ne ta tsaya cak a tsakiya ko da zafin ruwan yana hawa da sauka da digiri ashirin ko fiye, don kada direba ya riƙa tsorata. Kafin ta motsa, inji ya riga ya jigata. Nemi ƙaramar na'urar nan da ake soka wa a kafar OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa ta da waya, ka riƙa ganin zafin ruwa da na iskar da inji ke shaƙa a lambobi. In motar ba ta nuna zafin baƙin mai, a sa mata ma'auninsa daban.

A ma'aunin Salshiyas, ruwan inji tsakanin digiri 85 da 100 lafiya ne. Wasu motocin Jamus an gina su su yi aiki a sama da 100 don rage shan mai, don haka a duba abin da kamfanin ya tsara. In ruwa ya haura 110 a motar da ta saba zama a 90, akwai magana. Baƙin mai ya fi son 90 zuwa 110. Mai kyau na roba, wanda ake kira sintetik, yana jure 120 zuwa 130 a lokacin gudu mai tsanani, amma daga 140 ya fara tsinkewa sosai.

Lokacin da zafin ke tashi shi ke nuna inda ciwon yake. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce da ta samu titi, matsalar fanka ce ko murfin da ke kewaye da fankar. Wadda take lafiya a cikin gari amma ta ɗau zafi a babban titi, ko dai iska ba ta ratsa lagireton, ko lagireton ya toshe daga ciki, ko kuma tiyon ƙasa ya yi laushi yana shaƙewa idan famfon ruwa ya ja da ƙarfi. Wadda ke zafi ko'ina kuwa, a duba tamostat, famfon ruwa da gasket.

Abin da kamfani ya sa, a mayar da shi daidai

Cire tamostat ya zama al'ada a garejinmu, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Ba haka ba ne. Tamostat, wanda a yawancin motocin Japan yake fara buɗewa wajen digiri 82 zuwa 88, shi ke hana inji aiki a sanyaye. Injin da bai kai zafinsa ba yana shan fetur fiye da kima, baƙin mansa na tara danshi, ƙarafansa na saurin ci. Sannan a injuna da yawa tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. In an cire shi hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafin ya riƙa kewaye lagireton yana komawa inji. Wato an cire shi don neman sanyi, an ƙare da ƙarin zafi a lokacin gudu.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne mai babban aiki. Ruwa zalla na tafasa a digiri 100, amma murfi mai riƙe matsin bar 1.1 yana ɗaga wannan zuwa kusan 120. In robar murfin ta bushe ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa tafasa a kusa da bawul ɗin salansa tun allura ba ta nuna komai ba, tururi kuwa ba ya ɗaukar zafi daga ƙarfe kamar ruwa. Akwai murfi mai bar 1.3, sai dai kada a sa shi a tsohon lagireto mai kan roba, zai iya fasa shi. Masu BMW E36 da E46 sun san yadda tankin roba da sauran kayan ruwan motocin ke tsagewa in sun tsufa ko da ba a ƙara musu matsi ba.

Ruwan da ake zubawa ma yana da nasa lissafin. Ruwa zalla ya fi ruwan kanti mai launi ɗaukar zafi, amma yana cin alminiyam, ba shi da maganin tsatsa. Haɗin rabi da rabi da ake sayarwa an yi shi ne har da tunanin ƙanƙara. A ƙasa mai zafi, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na tsantsar maganin, sauran kuma tataccen ruwa, ya wadatar. Tataccen ruwa muke nufi, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin batir ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri a cikin siraran bututun lagireto, a hankali ya toshe su. Kada kuma a gauraya maganin kamfani biyu don kawai launinsu ya zo ɗaya, a bi wanda littafin motar ya faɗa.

Bayan canjin ruwa sai fitar da iskar da ta maƙale. A ɗaga gaban motar da jak, a kafa mazurari a bakin lagireto, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a tada inji a bar shi har tamostat ya buɗe fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, ana matsa tiyon sama da hannu har kumfa ta daina fitowa. Motocin da injinsu ke tsakiya ko baya, irin su Toyota MR2 da Porsche Boxster, ruwansu na tafiya ta dogayen bututu zuwa gaba, suna da wahalar fitar da iska. Su kam an fi samun sauƙi da na'urar da ke zuƙe iskar kafin ta cika ruwan.

Sai wanki. Tsakanin kwandensar AC da lagireto akwai ɗan rata da ba a gani daga waje, nan ƙura, leda, ganye da fukafukan ƙwari ke taruwa su zama kamar tabarma. Tun da Porsche ta daina 911 mai sanyaya inji da iska a 1998 ta koma ruwa, masu motar ke fama da wannan, domin lagiretocinta na can ƙasa a kusurwoyin bamba inda suke kwasar duk abin da ke kan titi har su ruɓe. A inda ake ƙurar hunturu, a buɗe wurin a wanke kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo. Ruwan a turo shi daga bayan lagireto zuwa gaba, a hankali. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da siraran fikafikan alminiyam ɗin, in sun kwanta kuwa sun rufe hanyar iska.

Hanyar iska: shiga, ratsawa, fita

Abin da ke tura iska ta cikin lagireto shi ne bambancin matsi tsakanin gabansa da bayansa. In mota na tafiya, matsi na taruwa a hancinta da kuma gindin gilashin gaba. Matsi na raguwa a saman bonet daga gaba, a bayan tayoyin gaba, da ƙarƙashin mota a bayan leɓen bamba. Dabarar ita ce a ɗebi iska a inda matsi ya yi yawa, a zubar da ita a inda ya yi ƙasa, a hana ta kowace hanya sai ta cikin lagireto.

Matsin da ake magana ba shi da yawa. A gudun kilomita 100 a awa, iyakar abin da iska za ta iya bayarwa bai kai tsayin ruwa na santimita biyar ba. In gudun ya ninka, matsin ya ninka huɗu. Shi ya sa ɓarakar da yatsa biyu za su shiga a gefen lagireto ba ƙaramar asara ba ce.

Mataki na farko toshe ɓaraka. Cire bamba, ka sa tocila a bayan lagireto da dare, ka dubi duk inda haske ke fitowa ba ta cikin ramukan lagireton ba: gefe biyu, sama tsakaninsa da ƙarfen da bonet ke sauka a kai, da ƙasa. Ƙananan wurare a cusa musu soso mai ɗanko wanda ba ya shan ruwa kuma yana jure zafi. Manya a yanka musu alminiyam mai kaurin milimita ɗaya ko robar ABS, a fara gwada siffar da kwali kafin a yanka. Haka za a toshe gefen ratar da ke tsakanin kwandensa da lagireto, da wadda ke tsakanin intakula (abin sanyaya iskar da inji ke shaƙa) da kwandensa. In ba haka ba iskar da ta ratsa na farko sai ta fice ta gefe, na baya ya zauna ba komai. Wannan aikin na kuɗi kaɗan ne, kuma shi ya fi yawan kawo canjin da ake gani a ma'auni.

Robobin da ke ƙarƙashin inji ma ba ado ba ne. Makaniki ya kwance su don canjin mai, ya ga mayar da su wahala ce, ya jefar. Daga ranar iskar ƙarƙashin mota ta samu hanyar kutsawa ɗakin inji, matsi ya taru a bayan lagireto, iskar gaba ta rage shiga. Corvette C4 da C5 daga ƙasa suke shaƙar iskar lagiretonsu, wani leɓen roba da ke rataye a ƙarƙashin hanci shi ke karkato ta sama. In tudun rage gudu ya fizge leɓen nan, motar za ta riƙa zafi a babban titi alhali komai na injinta lafiya lau.

Faɗaɗa bakin bamba ba shi ne mafita ba. Masu haɗa motocin tsere sukan bar bakin shiga ya zama wajen kashi ɗaya bisa uku na faɗin fuskar lagireto, sannan hanyar ta riƙa buɗewa a hankali har ta kai gare shi. Iskar na rage gudu a ciki, matsinta na ƙaruwa, ta bazu a duk fuskar lagireton. In hanyar ta buɗe farat ɗaya, iskar ta rabu da bango ta riƙa juyi, tsakiya kawai ke samu. Ragar da ake sa wa bamba don ado ita ma tana da farashi: mai ƙananan ido na iya tare kaso mai yawa na iskar. In dole ne a sa don duwatsu, a zaɓi mai manyan ido da siririyar waya. Lambar mota da manyan fitilun ƙari kuma a kawar da su daga bakin.

Mafita ce aka fi mantawa da ita. Iskar da ta ratsa lagireto ta yi zafi ta kumbura, tana buƙatar ƙofa da ta ɗan fi ta shiga girma. Wurin da ya fi dacewa a yanka tagar bonet shi ne daidai bayan lagireto, a kashin gaba na bonet ɗin, da ɗan leɓe a gaban tagar wanda zai ƙara jawo iskar waje. Abin da wasu ke yi na ɗaga bayan bonet da washa (ƙaramin zoben ƙarfe), ko cire robar da ke gindin gilashi, yana taimakawa ne kawai in mota na tsaye. Da ta ɗau gudu, wurin ya zama na matsi, iska ta riƙa shiga maimakon fita, ta yi karo da wadda ke fitowa daga lagireto. Ƙari a kan haka, warin inji ya bi ta mashigar AC ya cika mota.

Kafin a taɓa bonet da abin yanka, a gwada. Manna guntayen zaren ulu masu tsayin yatsa a jere a kan bonet da salatif, wani ya ɗauki bidiyo daga kujerar gefe. Inda zaren ya kwanta lif iska na tafiya daidai, inda yake rawa ko ya juya baya akwai rikici. Don auna matsi kuwa, siririn tiyo mai haske ya isa. A lanƙwasa tsakiyarsa kamar harafin U a kan katako da aka manna wa rula, a zuba ruwa mai launi, baki ɗaya a kai shi gaban lagireto ɗaya a bayansa, kada bakin ya fuskanci iska kai tsaye. A tafi a gudu ɗaya tsayayye a miƙaƙƙen titi, na gefe ya karanta bambancin. Duk gyaran da aka yi a sake gwadawa a wannan gudun. In bambancin ya ƙaru, gyaran ya yi. Haka za a gane ko wurin da ake son yanka taga ya dace: baki ɗaya a ƙarƙashin bonet, ɗaya a samansa, kuma matsin ƙasan ya fi na saman.

Fanka

Fanka ta cunkoso ce. Daga wajen kilomita 50 ko 60 a awa iskar gudu ta fi ƙarfinta. Wadda ke bayan lagireto tana ja ta fi wadda ke gaba tana turawa, domin ta gaban tana tare hanya. Murfin da ke kewaye da fanka shi ke sa ta ja iska daga duk fuskar lagireton, ba daga da'irar da take kai kawai ba. Murfin kirki yana da ƙananan ƙofofin roba da ke buɗewa da kansu in gudu ya yi yawa. Murfin da aka ƙera a shafe, ba ƙofofi, manne da lagireto, zai gyara zafin cunkoso ya haifar da na babban titi. In an canza fanka a tabbatar da inda take hurawa da takarda, domin juya wayoyi biyu kawai na sa ta tura iska gaba. Haɗa fanka kai tsaye da makulli don ta riƙa juyawa kullum rufe matsala ne, kuma yana ƙone abin da ke juya fankar da wuri.

Baƙin mai

Ruwa na iya zama a 95 alhali baƙin mai ya kai 140, musamman a injin da ke daɗewa a babban juyi. Nissan 370Z ta farkon fitowa ta shahara da wannan: in man ya yi zafi sosai kwamfutar motar sai ta rage wa inji ƙarfi don ta kare shi, har sai da kamfanin ya sa mata abin sanyaya mai daga samfurin 2012. Masu kai Toyota GT86 da Subaru BRZ filin tsere su ma galibi da wannan suke fara gyara.

Ana ɗebo man zuwa abin sanyaya shi ne ta wani faranti da ake sakawa tsakanin inji da filtar mai. A sayi faranti mai tamostat a ciki, wanda ke buɗewa wajen digiri 80 zuwa 90, don kada man ya zauna da sanyi da safe. Tiyo ya zama mai girman da ake kira AN10, domin siriri na rage matsin mai. Abin sanyaya mai mai layi 19 ya ishi yawancin injunan lita 2 zuwa 3, babban inji ko mai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) kuwa sai mai layi 25. A ɗaura shi a kan roba saboda girgiza, a nisanta tiyon daga salansa da duk kaifin ƙarfe, a kuma ƙara mai gwargwadon abin da ya shanye, wanda kan kai rabin lita zuwa lita ɗaya. In da hali a ba shi gefen bamba da tasa mashiga da mafita ta cikin robar taya, maimakon a ɗora shi a gaban lagireto ya riƙa hura masa zafi.

Turbo da salansa

Turbo mai tura bar ɗaya a ranar da ake digiri 40 yana iya fitar da iska mai zafin 130 ko fiye. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kuma tana sa fetur fashewa kafin lokacinsa, sai kwamfuta ta ja da tartsatsin fulogi baya, ƙarfi ya ragu, salansa ta ƙara zafi. Intakula ke rage wannan, amma katafaren intakula mai kauri a gaban lagireto yakan tare iska har ruwan inji ya fara hawa. Girmansa ya bi ƙarfin injin, ba faɗin bamba ba. Buɗaɗɗiyar filtar iska da ake sa wa a cikin ɗakin inji don ƙara kuwa zafin lagireto take shaƙa. Akwatin kamfani mai ɗebo iska daga waje ya fi ta, sai in an killace ta da bango an kawo mata iskar waje.

Bakin salansa da jikin turbo na kai digiri 800 zuwa 900 a gudu mai tsanani. Garkuwar ƙarfe da aka bar wa rata tsakaninta da salansar ta fi komai kare wayoyi, tiyo da robobi, kuma ratar ce ke aikin. Naɗe salansa da ƙyallen zafi na rage zafin ɗakin inji, amma yana riƙe danshi, yana sa siririn ƙarfe tsagewa, in kuma mai ya ɗiga ya jiƙa shi zai iya kamawa da wuta. Duk injin da ke yoyon mai kada a naɗe masa.

Bayan gudu mai zafi ba a kashe inji nan take. Famfon ruwa na tsayawa, zafin da ke cikin ƙarfe ya rasa mai kwashe shi, man da ke cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi. A yi tafiyar minti uku zuwa biyar a hankali da babbar giya, wadda ta fi tsayawa wuri ɗaya amfani saboda iska na ratsawa, sannan a buɗe bonet in an tsaya.

In zafi ya tashi ana cikin tafiya, a ɗaga ƙafa daga totur, a kashe AC, a kunna hita da fankarta har ƙarshe, domin hita ƙaramin lagireto ce. In iskar hitar ta fito da sanyi alhali allura na sama, ruwa ya ƙare ko famfo ya daina aiki, a tsaya a kashe inji nan da nan. Kada a buɗe murfin lagireto sai tiyon sama ya huce ya yi laushi a hannu, kada kuma a kwara ruwan sanyi a injin da ya yi jau, kan silindar alminiyam na iya lanƙwashewa. Injin da ya taɓa tafasa a yi masa gwajin gasket kafin a sake taka shi: akwai shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto inji na aiki, in ya koma rawaya to hayaƙin silinda na shiga ruwa, kuma sai an sauke kan injin an auna shi.